Fuskar da Ba a Kankare Ba

Barafan ɗin ya zo gidanmu a bayan wanet, wato motar a-kori-kura, kwance a kan wata tsohuwar katifa, a shekarar da aka rushe unguwar da mahaifiyata ta yi aiki. Ina gab da gama firamare lokacin. Barafan shi ne abin da mutanen Makka ke ce wa allon katako mai naɗewa, wanda ake tsayarwa a tsakar ɗaki ya raba shi biyu. Namu alluna huɗu ne da aka haɗa da maɗaurai na tagulla, ya fi Baba tsawo, kuma sai da ƙarti biyu suka yi nishi kafin su hau da shi benenmu na unguwar Utaibiyya, suna gogar bango a kowace kwana.

Inna ta zo hajji daga wani ƙauyen Katsina tana amarya, ita da Baba, ba su koma ba. Baba ya yi dako, ya yi aikin tantuna a Mina, daga baya ya samu gadi. Ita kuma ta shiga aiki a gidan wasu tsofaffin mutanen Makka kusa da Harami, masu saukar alhazai tun kaka da kakanni. Ta yi musu girki, ta yi wanki, ta goya 'ya'yansu, ta goya jikokinsu. Dada suke kiranta, kamar yadda ake kiran kowace baƙar mai reno a irin gidajen nan, kuma ina shakka ko akwai wanda ya riƙe sunanta na yanka. Uwar gidan kuwa Sitti kowa ke ce mata. Da aka zo rushe unguwar suka koma sabon gida mai sababbin kujeru, gwiwoyin Inna kuma sun riga sun ƙare, sai aka sallame ta. A gaban jama'a Sitti ta nuna barafan ɗin ta ce, "Ɗauki wannan, ya Dada, naki ne. Ke kika saba goge shi." Ina wurin, na ji da kunnena, kuma ina so a riƙe wannan maganar domin za a dawo kanta.

Bayansa koriyar fata ce, ba komai a jiki. Gabansa kuwa zane ne tun daga sama har ƙasa. An ce wani alhaji Baturke ne ya ba kakan gidan, an ce kuma wani Bature ne ya zana shi, wanda na tabbata ko ƙofar fadar Istanbul bai taɓa leƙawa ba. Fadar mafarkinsa ya zana. Ga sarki kishingiɗe a kan tulin matasai, rawaninsa kamar an kifa masa masaki, yana riƙe da bakin shisha. Ga fararen mata a bakin kududdufin marmara, wasu na kaɗa molo, wasu ba aikin fari ba na baƙi sai baje hannuwa, cikin tufafin da ko a ƙuryar ɗaki mace mai hankali ba za ta sa ba. Ga doki, ga barewa da sarƙa a wuya, ga ɗawisu ya buɗe jela. Ko'ina an zuba ruwan gwal.

Sai dai duk jama'ar nan babu mai fuska. Mijin Sitti mutum ne mai addini, ya sa wuƙa ya kankare su tun kafin a haife ni, saboda mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoton abu mai rai. A garinmu wannan ba baƙon abu ba ne. Wani ya ja layi a wuyan hoto, wani ya liƙe kan da takarda, shi ya zaɓi wuƙa, kuma ya yi aikinsa tsaf. Sarki ba fuska, sai farin katako a ƙarƙashin rawani. Matan ma haka. Ya kankare kan doki, ya kankare na barewa, ɗawisu ma bai tsira ba, ɗan kansa da bai fi ƙwallon dabino ba sai da ya bi shi ya goge.

Fuska ɗaya ce ta rage. A allo na ƙarshe, can ƙasa wajen kusurwa, akwai wata baƙar mace durƙushe, da jan ɗankwali da manyan 'yan kunne, da tasa a gabanta da buta a hannu, tana wanke ƙafar ɗaya daga cikin fararen matan. Ita ba a taɓa ta ba. Idanunta, hancinta, bakinta, komai na nan. Kuma ba ƙafar take kallo ba. Waje take kallo, duk inda ka tsaya a ɗakin sai ka ga kai take duba.

Da ina yarinya na ɗauka sa'a ta yi. Sai da na shiga sakandare abin ya fara tsaya mini a rai. Mutumin da ya bi kan ɗawisu ya goge, ta yaya zai tsallake mace guda da idanunta biyu? Na tambayi Inna, ta ce mantuwa ce, ta ce in je in duba tukunya. Ni kuwa Allah Ya yi ni da baki, in magana ta shige ni ba ta kwana. Ranar wata ƙaramar salla muka je gaishe da Sitti a sabon gidansu, kamar yadda muke yi kowace shekara. Inna ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ga kujeru rututu babu kowa a kai. Sitti ta tsufa sosai lokacin, tana miƙo mini kwanon alewa, sai na yi mata tambayar da Larabci, cikin ladabi iyakar iyawata.

"Ya Sitti, me ya sa marigayi bai kankare baƙar matar nan ta jikin barafan ba?"

"Wace mata?"

"Mai tasa. Wadda ke durƙushe."

Ta ɗan yi tunani, sai ta yi dariya. "Au, akwai wata a wurin? Ai masu rai ya bi, 'yata. Sauran kayan, su tasa da buta da darduma, ba laifi a bar su."

Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Da zagi ne da na san inda zan ajiye shi. Cikin fara'a ta faɗa, kwanon alewa na hannunta, Inna kuwa da ta wanke mata ƙafa da hannunta lokacin da ciwon suga ya kwantar da ita tana zaune a bakin ƙofa tana ji. Na buɗe baki, Inna ta miƙo hannu ta ƙarƙashin abaya ta mintsine ni a cinya, mintsinin da sai da ya yi shati.

A motar haya muna dawowa na sauke mata duk abin da ke cikina. Na ce Inna kin ji abin da ta ce? Ɗawisu mai rai ne, barewa mai rai ce, mu kuma muna layin buta. Na ce wallahi in mun je gida sai na jefo abin nan ta taga. Inna tana kallon titi ta ce, "Ki rufe mini baki. An ba ki alewa kin karɓa." Na karɓa kam, amma ban sha ba, tana dunƙule a tafin hannuna har ta narke ta ɓata mini hannun riga.

Ban jefo shi ta taga ba, domin barafan ɗin nan shi ne rabin gidanmu. Ɗaki ɗaya ne da falo gare mu. Da shi aka raba makwancina da na Yayana da muka girma. Da shi ake tare lungu idan 'yan uwa sun zo umara sun sauka a wurinmu. Kuma duk inda aka tsayar da shi, Inna takan juya koriyar fatar wajen mutane, zanen ya fuskanci wajenta. In za ta yi salla ta yafa wa kusurwar nan ɗan ƙyalle, in ta idar ta cire.

Kullum da safe, in tana shara ta iso wurin, sai ta tsaya ta dafa ƙugu ta ce, "Sannu da aiki." Da Hausa, da murya sosai, kamar mai gaishe da maƙwabciya. Mun yi mata dariya har mun gaji. Ni nakan ce, Inna, ta amsa kuwa? Ta ce ta fi ki ladabi, ita ba ta katse ni. Sai da na zama budurwa, wata rana ina yi mata tausar gwiwa, ta ba ni labarin yadda abin ya fara. Ta ce a tsohon gidan nan babu mai jin Hausa, ita kuma lokacin Larabcinta bai wuce na'am da tayyib ba, wato to. Takan wuni ba ta yi magana da kowa ba. In ta shiga goge ɗakin Sitti, ta durƙusa ta iso ƙasan allo na ƙarshe, sai su yi ido huɗu da matar nan, ita da tsumma, waccan da buta. Ta ce ranar da labarin rasuwar mahaifiyarta ya iso daga gida, ba halin tafiya, ba halin barin aiki domin gidan cike yake da alhazai, a gaban allon nan ta yi kukanta, tana goge wuri ɗaya don kada a shigo a ce ta zauna. Akwai wani ɗan siririn layi a kumatun matar, ni na san fenti ne ya tsage, Inna kuwa ta dage tsagar gidansu ce. Ban sake yi mata gardama a kai ba.

Ni dai ban taɓa shiryawa da zanen ba. Ina ganin sarkin nan da matansa marasa fuska sai raina ya ɓaci da Baturen da ya zana, wanda ya ga cewa fada ba ta cika sai da baƙar mace a durƙushe. In na ga matar kuma sai ya ɓaci da mai wuƙar. Haka muka zauna da shi shekaru, Inna na gaishe shi, ni ina harararsa.

Baba ya rasu bayan wani hajji, da zafin nan mai kashe jiki. Inna ta shiga takaba. Da aka gama zaman makoki aka kwashe kujerun da aka jera a layi, abokan Baba da mazan dangi suka ci gaba da zuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka saba. Sai muka tsayar da barafan a tsakiyar falo. Maza su zauna ta wajen koriyar fata su yi gaisuwa, Inna ta amsa daga ciki ba tare da an ga juna ba. Cikin nan ya zama duniyarta: dardumarta, carbinta, filas ɗin shayi, da matar nan. Ba fita, ba ado, ba Baba. Ni ina tafiya aiki da safe, Yaya yana tuƙa motar otal, sai ta wuni ita kaɗai. Sau da yawa in na dawo, kafin in buɗe ƙofa ina jiyo muryarta ƙasa-ƙasa tana ba da labari, kuma na san babu kowa a gidan sai ita.

Yaya ne ya fara tayar da magana. Ya yi karatu wajen malamai, ya ajiye gemu, kuma abin ya daɗe yana damunsa. Wata Juma'a ya shigo da wuƙa daga kicin ya ce, "Inna, wata huɗu da kwana goma za ki yi kina salla a nan, ana karatu ana yi wa Baba addu'a, ga hoto da idanu a buɗe. Bari in ƙarasa abin da aka fara."

Shi ya zaci zan yi masa ca, domin ni da shi ba mu cika haɗuwa a magana ba. Sai na ce, "Kankare ta, Yaya. Aƙalla a gidan nan a lissafa ta cikin masu rai."

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye carbi ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kiran sunan Yaya saboda ɗan fari ne, sai ta ce, "Kai, mai da wuƙar nan inda ka ɗauko ta. Ke kuma, auta, duk wanda ya taɓa ta a cikinku ban yafe ba." A rayuwata ban taɓa jin ta faɗi wannan kalmar ba sai ranar. Yaya ya juya sum sum ya mayar da wuƙa, maganar ta mutu.

Takaba ta yi kusan rabi sai ga jikar Sitti. Sitti kam ta riga mu gidan gaskiya da 'yan shekaru. Wannan jikar Inna ce ta goya ta, a bayanta ta yi haƙori, yanzu ta zama babbar mace mai direba da ƙamshin turare tun daga matakala. Ta faɗa jikin Inna tana kuka, tana sumbatar goshinta, Dada masoyiyata, Dada uwata, ku yi haƙuri ban ji da wuri ba. Ban ce kukan ƙarya ba ne, na ga hawaye. Amma tana share su idonta ya sauka a kan zanen, sai na ga kukan ya tsaya cak. Ta miƙe ta fiddo waya ta shiga ɗaukar hoto, allo bayan allo.

Ta dawo ta zauna ta kama hannun Inna. Ta ce ai tana shirin buɗe wani gidan gahawa a tsohon garin Jidda, irin wanda ake ƙawata shi da kayan da, domin yanzu kayan da ake yayi. Ta ce ta daɗe tana neman barafan ɗin kakarta, ashe yana nan inda aka ba da ajiyarsa. Ta ce akwai wani gwanin zane da zai mayar wa mutanen fuskokinsu, sarki da matansa duka, ya dawo kamar sabo. Ta ce kada Dada ta damu, za ta aiko mata da wani daga kanti, mara nauyi, mai furanni.

Ajiya. Ka ji fa. Abin da aka ba mace a gaban jama'a bayan ta ƙarar da gwiwoyinta, abin da ba su ga ya isa shiga sabon gidansu ba, yau da ya yi daraja ya koma ajiya. Na ce, "Kyauta ce. Ina tsaye a wurin Sitti ta ce naki ne."

Ta yi mini murmushin nan nasu mai sanyi ta ce, "Tabbas, tabbas. Amma kin san kayan gado."

Na dubi Yaya, wanda ke tsaye a bakin ƙofa ta wajen koriyar fata. Kansa na ƙasa. Na san dalili, kuma ban iya zarginsa ba ko da yake na so. A Makka aka haife mu, amma takardar zamanmu, iƙama, a ƙarƙashin sunan mahaifin matar nan take, shi ne kafilinmu, kuma lokacin sabuntawa ya kusa. Ba ta ambaci wannan ba. Ba ta bukatar ambata.

Inna ta ce, "Ko za a bari in fita takaba tukuna?"

Ta ce wallahi da ta so, amma buɗewar ta matso, kuma mai zanen yana bukatar lokaci. Direba zai zo ranar Alhamis.

Inna ta ce, "To."

To. Shekarun nan duka kalmar da ta fara koya ke nan a gidansu, kuma ita ce ta ƙarshe. Matar na fita na fashe. Na ce Inna wannan wane irin abu ne, mu da muka fito daga cikinki kika ce ba ki yafe ba, baƙuwa ta zo da turare kin ce to? Na ce mace tana takaba a zo a cire mata sutura daga gabanta don a sayar wa 'yan yawon buɗe ido gahawa? Na ce su je su zana wa sarkinsu fuska goma, amma wannan matar me ta yi musu, da suka bar ta cikin tasa da buta, yanzu za su jingina ta a bango mutane su sha gahawa suna kallonta a durƙushe? Na faɗi abin da ya fi haka, wanda ba zan rubuta ba. Inna ta ja carbinta, ta juya mini baya.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta ci abin kirki ba. In na kai mata koko sai in dawo in same shi ya yi fata a kai. Ban kuma jiyo muryarta ta bayan ƙofa ba. Da safe takan yi shara, ta iso kusurwar, ta tsaya ta daɗe.

Ranar Alhamis ban je aiki ba, domin na yi niyyar ko ba komai in matar nan ta biyo direban sai na tsaya a matakala na faɗa mata magana. Da hantsi Inna ta kira ni. Ta ce in kawo mata 'yar wuƙar da muke yanka albasa, da farin hankicin Baba da ke cikin akwati. Na kawo ban gane ba. Ta ce in shimfiɗa hankicin a ƙasan allo na ƙarshe, in kama ta ta durƙusa. Gwiwoyin nan da ko a salla ba sa lanƙwasuwa, a kujera take yi, sai da ta sa su ƙasa, ina jin ƙararsu.

Ta shafa fuskar da yatsa. Ta ce, "Sannu da aiki. Ya isa haka." Sannan ta sa bakin wuƙar.

Na ce, "Inna, me kike yi? Ke da kika hana mu."

Ba ta ɗago ba. A hankali take kankarewa, kamar mai fidda ƙanzo daga tukunyar da take tausayi, fentin na zuba a kan hankici, baƙi-baƙi da ja-ja. Ta ce, "Ni na fito daga gidan nan. Ita ma ba za ta koma musu ba. Su ɗauki tasarsu da butarsu."

Shekara da shekaru ina cewa a kankare ta, na ɗauka ranar da aka yi zan ji sanyi. Ban ji ba. Na durƙusa kusa da Inna na riƙe mata gefen hankicin, hawaye na zuba mini, ina kallon idanun nan da suka bi ni tun ina firamare suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Tsagar kumatun ce ta ƙarshe. Da ta gama ta busa wurin, ya zama farin katako kamar na sauran. Ta tattara hankicin ta ƙulle bakinsa, ta ce in buɗe akwatinta in sa shi cikin likkafaninta, wanda ta wanke da zamzam ta ajiye tun da daɗewa.

Bayan azahar jikar Sitti ta zo da kanta, da direba da wani ma'aikaci. Na tsaya ƙyam a gefen allo na ƙarshe, na shirya bakina tsaf, ina jira ta gani ta yi magana in samu ƙofa. Ta duba maɗauran tagulla. Ta shafa ruwan gwal ɗin. Ta leƙa koriyar fatar ko ta yage. Ta bi alluna huɗun nan da ido daga sama har ƙasa, idonta ya wuce ta kan kusurwar, inda sabon kankarar ke haske fes a tsakiyar tsohon fenti, bai ko tsaya ba.

Ta ce, "Masha Allah, ya Dada, kin riƙe shi kamar yadda yake. Ko ƙwarzane babu."

Da ba don Inna ta damƙe mini wuyan hannu ba, da na jawo matar nan da abayarta na durƙusar da ita a wurin na ce duba. Suka naɗe shi, suka sauka da shi suna gogar bango a kowace kwana, kamar yadda ya hau. Da la'asar aka kawo madadinsa, farin roba mai furanni, wanda iskar fanka ma tana iya kayar da shi. A bayansa Inna ta ƙarasa takabarta. Washegari ina kicin na ji tsintsiya ta iso kusurwar ta tsaya, sannan ta ci gaba ba magana.

Ban taɓa zuwa gidan gahawar ba, kuma ba zan je ba. Bayan wasu watanni Yaya ya nuna mini hotonsa a waya, matar ta sa don talla. Ga barafan ɗinmu a jingine, an haska shi da fitilu. Gwanin ya yi aikinsa: sarki ya samu gemu da jajayen kumatu, matan sun samu idanu da kwalli, doki ya samu kai, barewa ta samu, ɗawisu har da ɗan tukkunsa. Na ja hoton da yatsu na faɗaɗa kusurwar ƙasa. Jan ɗankwali na nan, 'yan kunne na nan, tasa da buta an ƙara musu ƙyalli. Tsakanin ɗankwalin da wuya kuwa farin katako ne, yadda Inna ta bar shi. Ya bi kowa ya mayar masa, ita ko lura bai yi an cire ba.

Na fizgi wayar na nufi Inna. Na ce duba, Inna, duba abin da suka sake yi, har ɗawisu sun tuna da shi. Ta ce in miƙo mata tabarau. Ta sa, ta kawo wayar kusa da hancinta, ta daɗe tana kallon kusurwar. Sannan ta miƙo mini, ta dubi wajen akwatinta.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ba su same ta ba."